Uwargidana 'yar Damagaram ce: wace takarda ta dace ta riƙe a Kano?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya san dokar nan sosai nake nema, ba mai "na ji an ce" ba. Uwargidana 'yar Damagaram ce, a can aka ɗaura mana aure, muna zaune a Kano da yara uku, duk a nan aka haife su. Ba ta da wata takarda sai katin ɗan ƙasa na Nijar. A da mu bi ta Daura mu ƙetare Kwangwalam mu dawo, babu mai ce mana kanzil. Amma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS hankalina bai kwanta ba. Zuwanmu biki na baya, wani jami'i a hanya ya juya katin nan ya sake juyawa, ya ce "Hajiya, ke fa baƙuwa ce." Har muka iso gida ba ta ce uffan ba. Yanzu wani ya ce in kawo 'yan kuɗi ya samo mata takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarmu, a yi mata fasfo a huta. In yi?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka yi. Ranar da aka gano, fasfon zai tafi, kai da ita ku shiga tuhumar ba da bayanan ƙarya, alhali ga ƙofa a buɗe. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba macen da ke auren ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Ba sai ta cika shekara 15 ɗin da sashe na 27 ya gindaya wa sauran baƙi ba. Abin da ake dubawa: halinta na kirki, niyyar zama a ƙasar, sai rantsuwar biyayya. A Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema, shugaban ƙasa ke amincewa, shi ya sa abin ke jan lokaci. Ka fara da takardar aure. Yawancinmu an shafa fatiha an raba goro, shi ke nan, babu rubutu. Ka je kotun shari'a da waliyyi da shaidu a rubuta muku.

Yara kuwa ka cire su daga lissafi. Sashe na 25 ya gama magana: tunda kai ɗan ƙasa ne, su 'yan Najeriya ne ta haihuwa, ko a Damagaram aka haife su.

Ɗan Kwari:
Na gode malam. Tsoronta ɗaya: kada a ce sai ta saki Nijar. Tana da gadon gona a can.

Bamaraɗe:
Ba za ta saki komai ba, ɗan'uwa. Nijar ta halatta riƙe ƙasa biyu tun 2014. Ta ɓangarenku ma sashe na 28 bai tilasta wa mutum barin ƙasar da ya samu ta haihuwa ba. Batun CEDEAO, wato ECOWAS, kuma, gaskiya ne ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, mu da Mali da Burkina Faso, amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunanmu masu tambarinta da barin zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Sai dai ka tuna, shiga ba biza kwana 90 ne kawai tun yarjejeniyar 1979. Mai zama ya daɗe katin izinin zama ake so ya karɓa a ofishin shige da fice. Mu ne dai ba ma yi, don mun ɗauki Kano da Maraɗi ɗaki da falo.

Maman Sadiq:
Alhaji ka gode wa Allah kai namiji ne. Ni Bakatsiniya ce, maigidana ɗan Tasawa, kuma sashe na 26 ɗin nan bai san da zamana ba: mata kawai ya ambata, mijin 'yar Najeriya sai ya bi dogon layin shekara 15. An kai ƙudirin gyara majalisa a Maris 2022, ya faɗi a ƙuri'a. 'Ya'yanmu na da koren fasfo, ubansu na sabunta izinin zama. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce ta sa ka a gaba kan takardar auren nan kafin shaidun su tsufa.