Neman shawara: ma'ajinmu mutumin kirki ne, amma yana taɓa kuɗin ƙungiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Ma'ajinmu dattijo ne da kowa ke ganin girmansa. In aka yi rasuwa shi ke fara kai gudummawa, kuma marayu biyu yake biya wa kuɗin makaranta. Da muka zauna lissafin ƙarshen shekara sai ga giɓin naira dubu 180. Ya ce shi ya ara, yau dubu biyar gobe dubu goma, kuma zai mayar. Da na tambaye shi dalilin da bai sanar da kowa ba, ya fusata ya ce: "Ni za a tuhuma, duk wahalar da na sha wa ƙungiyar nan?" Abin ya ɗaure min kai. Munafunci ne ko me? Yaya za mu yi ba tare da mun ci mutuncinsa ba?

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka yi saurin kiransa munafuki. Munafuki ya san yana yaudarar jama'a, shi kuwa da alama kansa ya fara yaudara. Kowa yana da yadda yake kallon kansa a zuci, kuma yawancinmu mutanen kirki muke ganin kanmu. Wannan kallon yana hana ɓarna, amma wani sa'in shi ke ba da lasisin yin ta. A 2001, Benoît Monin da Dale Miller na Jami'ar Princeton a Amurka sun ba wasu ɗalibai damar ƙin amincewa da maganganun raina mata. Da aka tambaye su wa ya fi dacewa da wani aiki da maza suka mamaye, waɗannan ɗaliban sun fi sauran sakin jiki su ce namiji, domin sun riga sun tabbatar wa kansu ba su da son zuciya. A 2015 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 91 irin wannan, aka ga tasirin yana nan, ko da yake ba mai girma ba ne. Ka sake sauraron maganarsa: wahalar da ya sha ita ce takardar izininsa.

Ka kuma lura ba a dunƙule ya ɗauki kuɗin ba. Nina Mazar da On Amir da Dan Ariely sun nuna a 2008 cewa idan mutane suka sami damar ƙara yawan amsoshin da suka ce sun ci a wata jarrabawa don a biya su, kaɗan suke ƙarawa, daidai abin da ba zai sa su ga kansu a matsayin mayaudara ba. Kalmar "aro" ma aiki take yi masa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya lissafa hanyoyi takwas da mutum ke kwantar da lamirinsa, ɗaya daga ciki ita ce sa wa laifi suna mai daɗi.

Wani akanta:
Yallaɓai, laifin tsarinku ya kai na ma'ajin. Mutum ɗaya ke karɓa, shi ke ajiyewa, shi ke rubutawa, sai bayan wata goma sha biyu a duba. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Duk kuɗin da aka tara a zuba cikin kwana biyu, saƙon banki ya riƙa shiga wayar shugaba da taka. Kuɗin hannu kada ya wuce dubu 20, kowane kashi da rasit. Duk ƙarshen wata wani da ba ya taɓa kuɗi ya gwada littafi da bayanin asusu. Dubu biyar ta farko da an gan ta a wata ɗaya, da ba a kai 180 ba. Dokar kuma ta hau kan kowa, har da kai, in ba haka ba zai ɗauka dominsa aka yi ta.

Malamin Islamiyya:
Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan ujubu, wato mutum ya riƙa ganin girman aikinsa na alheri. Ku je masa ku biyu, a gidansa, ba a gaban taro ba. Ku tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka umarta da rubutun, ba waɗanda ake zargi ba. A rubuta dubu 180 ɗin da shaidu biyu, ya riƙa biyan dubu 30 duk wata har wata shida. Ni da zan fara da yaba masa a kan marayun nan, don zuciyarsa ta yi laushi.

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam:
Allah gafarta Malam, a nan kaɗai na saɓa maka. Jero masa alherinsa na kwanan nan zai iya ƙara masa hujjar da yake riƙe da ita. Paul Conway da Johanna Peetz sun gano a 2012 cewa tuna aikin kirki na kusa ya fi sa mutum ya sassauta wa kansa, tuna na nesa kuma ya fi sa shi ya ci gaba a kan halin. Gara a ce masa: "Baba, don amanarka jama'a suka zaɓe ka, kuma ɗaukar kuɗin ƙungiya ba da sanin kowa ba bai dace da amanar nan ba." A faɗi ranaku da adadi. Kalmar ɓarawo kada ta fito daga bakin kowa, don da ya ji ta zai koma kare sunansa, maganar kuɗi ta bi ruwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To mu sauke shi daga muƙamin ne?

Wani akanta:
Ya ajiye littafi da kuɗin hannu har ya gama biya, mataimakinsa ya riƙe. In wata biyu suka wuce a jere bai biya ba, ku kai maganar gaban kwamitin dattawa da takardar da ya sa wa hannu.