Sakkwato zuwa Maiduguri ta jirgi: shawarar waɗanda suka saba bin hanyar

A taswira, tsakanin Sakkwato da Maiduguri kimanin kilomita 870 ne a miƙe, tafiyar da jirgi zai ci cikin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Sai dai matafiyan da aka tattauna da su sun ce wannan lissafin ba ya kai mutum gida, domin galibi sai an biyo ta Abuja. Zagayen kan mai da tafiyar kusan kilomita 1,200, kuma zaman jira a filin jirgin Nnamdi Azikiwe shi ke cinye wuni.

Inda bakinsu ya fi zuwa ɗaya shi ne a kama jirgin farko daga Sakkwato, a bar ratar aƙalla awa uku kafin na Maiduguri. Idan kamfanonin daban ne, kai za ka ɗauko jakarka ka sake kai ta awo, kuma in na farko ya makara, ba ruwan na biyu da kai.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirgi sauka. Nan aka rabu: wasu na ganin gara a kwana Abuja tun da wuri, wasu sun ce kuɗin otal ya yi yawa. Mai zuwa ɗaurin aure dai, kwanan ya fi masa.