Wai hada leshi mai duwatsu da setin gwal kauyanci ne?

Amaryar Bana: Salamu alaikum yan uwa dan Allah ku raba mana gardama ni da yayata. Kayan da zan sa ranar dina leshi ne ruwan toka, an cika shi da duwatsu masu kyalli kalar azurfa tun daga wuya har kugu, hannun ma duk aiki ne. To a lefe an sako min setin gwal babba, sarka mai fadi da dan kunne da awarwaro hudu da zobe, ni shi nake son sawa amma ita tace wai kayan da suka sha ado ba a dora musu sarka sam, duk wadda ta hada leshi mai duwatsu da gwal mai nauyi ta yi kauyanci. Wai haka ne?

Anty Mai Dinki: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Yayarki ta fada miki gaskiya duk da kalmar kauyancin ta dan yi zafi. Ni dinki ne sana'ata, riga ce zamu kwana uku muna dasa mata duwatsu daya bayan daya da allura har ido ya yi ja, sai ranar biki ki ga an shimfida mata katuwar sarka a kan aikin, aikin bai fito ba sarkar ma bata fito ba, mai kallo ya rasa inda zai ajiye idonsa. Balle naki duwatsun farare ne gwal kuma rawaya, fada zasu yi a kirjinki wlh.

Hajiya Babba: Ikon Allah, yau kuma gwal ne ya zama kauyanci. Yata ki saurare ni, mutanen nan da kudinsu suka sayi abin nan suka sako a akwati, ranar da gwaggonnin ango da kannen babansa suka cika wajen taro sai ki fito wuya fayau? Kafin a tashi za ki ji ana cewa ko ta raina ne, wata ma tace ai iyayenta sun sayar sun yi kayan daki. Mai dinki tana duba rigarta ne, ni gidan da za ki zauna nake duba miki.

Anty Mai Dinki: Hajiya ku yi hakuri ba raina gwal na yi ba, cewa na yi ba wajensa ba ne

Hajiya Babba: Gwal ko a ina wajensa ne.

Yar Maiduguri: hhh Hajiya kun biya ni. Ku zo garinmu ku ga amarya, gwal a goshi gwal a wuya gwal a hannu har kusan gwiwar hannu, ga lafaya mai aiki a kai, kuma ban taba jin wanda yace mata bakauyiya ba. Wannan dokar ta kada a hada ado biyu a hotunan turawa kuka gano ta, su da suke sa farar riga da siririn zare a wuya.

Anty Mai Dinki: Yar uwa ai lafaya daban ce, yadi ne guda ake nadawa adonta a baje yake a jiki, kirjin amarya fili ne gwal din na samun wajen kwanciya. Ita kuma wannan an tara mata duwatsun ne daidai inda sarkar zata zauna. Ba turawa a maganar nan, ko atamfa ce aka yi wa aiki a wuya haka zan ce.

Uwar Biyu: Ni bana cikin masu cewa kyau ko ba kyau, abinda ya same ni zan fada. Bikin kanwata na sa leshi mai irin duwatsun nan na dora sarka mai yan lilo a kasa, ana cikin liki na daga hannu sai naji abu ya rike ni, ashe makullin sarkar ya shiga ramin leshin ta baya, yan lilon kuma sun sarke da zaren duwatsun ta gaba. Na dan ja kadan sai zaren ya tsinke duwatsu suka rika zuba a kasa kamar tsaba, wata yarinya har tana tsince min. Da reza aka raba ni da rigar a bandaki, kuma lilo daya ya tafi har yau. Dan haka amarya duk abinda za ki sa ki gwada shi a kan rigar tun a gida, ki daga hannu ki sunkuya ki juya wuya ki gani in yana kamawa.

Hajiya Babba: Allah sarki, wannan tsautsayi ne ba laifin gwal ba

Maman Yan Dubai: Bari in sa baki tunda harkata ce. Kuna ta cewa gwal gwal kamar duk kala daya ne. Amarya ki juya makullin sarkar ki duba lambar da aka buga a jiki, in kin ga 875 to karat 21 ne irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya, in 916 ne karat 22 kenan shi ya fi rawaya sosai, in kuma 750 ne karat 18 ne irin na Italiya, kalarsa ta fi sanyi dan an fi cakuda shi da wasu karafa. Mai 18 din nan in siriri ne yana iya shiga da ruwan toka ba hayaniya, amma faffadan 21 ko 22 a kan fararen duwatsu gaskiya ina bayan mai dinki. Akwai farin gwal ma, shima yawanci 18 ne ana masa rufi da wani farin karfe da ake kira rodiyam, sai dai rufin yana cinyewa a hankali sai an sake. Sannan ku tuna tsadar da gwal ya yi, a 2025 oza daya wato giram 31 da dan kadan sai da ta haura dala 4000 a kasuwar duniya, ni kam ba zan so amarya ta shiga cikin turmutsutsun liki da dukiya haka a rataye ba.

Yar Agadas: To me yasa ba mai maganar azurfa ne? Kaya ruwan toka da fararen duwatsu ai azurfa suke kira. Makeran Abzinawa a nan wajenmu suna yin yan kunne da munduwa na azurfa masu zanen hannu da ba za ki gansu a wuyan kowa ba a wajen taron. Ku a Najeriya kun mayar da ita ta zoben maza kawai.

Yar Maiduguri: Amarya guda da azurfa? dangin ango su ce talauci ya kama ta tun ba a kai ta ba hhh

Karamar Su: Ni dai in nice fashan zan saya mai fararen duwatsu in sa na dare daya in huta, a hoto waye zai gane

Maman Yan Dubai: Hoto ba zai gane ba amma fatarki zata gane in kina cikin wadanda jikinsu baya son karfen nikel, da yawan masu arhar nan akwai shi a ciki, ga zufa ga humra ga fitilun masu hoto, kafin a yanka kek wuya ya fara kaikayi ya yi ja. In za ki sa ki fara shafa turarenki ya bushe tukun, turare ne ke saurin kashe musu kala.

Anty Mai Dinki: Amarya tambaya daya, wuyan rigar ya yake? a bude yake ko ya hau sama?

Amaryar Bana: Ya hau sama Anty, har da yar tsayuwa kamar kwala, duk duwatsu ne a jiki

Anty Mai Dinki: To ai magana ta kare, sarkar ma a ina zata zauna? Da a bude yake da sai ince ki sa siririya ta kwanta a kan fata kar ta taba aikin. Yanzu kam dan kunne babba ki sa tunda gwaggwaro zai dauke gashi kunnen zai fito, da zobe, wuya ki barshi.

Hajiya Babba: Nifa har yanzu ban yarda ba. In rigar ce ta hana a sa gwal to rigar ce da matsala, tun farko me yasa ba a yanka wuyan daidai sarkar ba? An san akwai lefe ai.

Uwar Biyu: Hajiya ai ba dina kadai za a yi ba, ta sa cikakken setin ranar budar kai a kan shadda ko atamfa mara aiki, a can ne ma dangin angon zasu ganta kusa da kusa har su taba

Hajiya Babba: Wannan da dan dama. Amma ko awarwaro biyu ta sa a dinar, kar a ganta hannu sake kamar mai takaba.

Anty Mai Dinki: Hannun rigar ma aiki ne fa Hajiya

Amaryar Bana: Na gode duka, na duba makullin yanzu 875 ne a jiki. Gobe in sha Allah zan je gwaji wajen tela da setin a jaka, Anty in na turo hoto ku duba min awarwaron ko zasu kama hannun, yayata dai tana gefena tana ta min dariya.