Haɗa Sautin Mota Da Kuɗi Kaɗan: Shawarar Masu Wayarin Na Apo

A hirar da aka yi da masu wayarin a Apo, Abuja, bakinsu ya zo ɗaya: fara da sifikun ƙofar gaba, domin su ne kunne ya fi ji. Wufa, wato babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri, ta jira sai aljihu ya yi nauyi.

Sun ja kunne sosai kan lambar da ake rangaɗawa a jikin kwali. Ko an rubuta wat 1000, nemi adadin RMS, shi ne ƙarfin gaskiya, kuma ka tabbatar ya dace da na amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Kayan hannu na Pioneer ko Sony ba laifi, amma a jona maka ka saurara kafin ka biya.

Inda na fi ba su gaskiya shi ne waya. Sayi ta tagulla mai kauri, a sa fis dab da batir. Siririyar waya zafi take ɗauka, tana iya tayar da gobara.