Wai za a soke hukuncin auren jinsi a Amurka?

Abu Safiyya: Salam jama'a, don Allah da gaske ne kotun ƙolin Amurka za ta sake duba hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi? abin ya tsaya min a rai wallahi

Maman Ilham: Malam ana dai ta ƙoƙari, majalisar wakilan jihar Idaho ta nemi hakan a 2025, kuma tun 2022 alƙalin kotun, Clarence Thomas, ya ce a sake dubawa lokacin da suka soke na zubar da ciki

Ɗan Zariya: Amma fa Kim Davis, ma'aikaciyar gwamnatin nan ta jihar Kentucky da aka tsare don ta ƙi ba masu auren jinsi takardar aure, ta kai ƙara tana neman a soke hukuncin, kotun ta ƙi saurara a Nuwamban 2025, don haka hukuncin na nan daram