Maigida na aiki Maroko, zan kai mai ziyara sati ukku, ina ya kamata mu gani?

Maman yara, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku. Don Allah shawara nika nema wurin waɗanda sunka taɓa zuwa Maroko. Maigidana wurin aikinshi sun tura shi Rabat na shekara biyu, yanzu wata goma sha ɗaya kenan rabona da shi sai dai bidiyo kol da dare, shi ma in netwok ta yarda. Bayan tahiyarshi na haihu, yarinyar yanzu watanta takwas kuma bai taɓa ɗaukarta da hannunshi ba, ko ranar suna ta waya ya gan ta. To Allah ya hore mai ya ce in taho cikin Disamba in yi sati ukku, manyan biyu zan bar su wurin Inna mahaifiyarshi tunda lokacin hutu ne, ni da jinjirar kawai za mu tahi. Fasfo ya fito, nawa da nata, biza kuma mun kai takardu ofishin jakadancinsu Abuja muna jira.

Damuwata ita ce shi yana aiki Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kaɗai garai, sai kwana huɗu da ya roƙa anka ba shi. Shi ya ce Marrakesh za mu, ƙanwata kullum sai ta turo min bidiyon wani gari da anka shafe da shuɗin fenti a TikTok wai kar in dawo ban je ba, Baba kuma da na je yi mai bankwana cewa ya yi in har na taka ƙasar ban je Fas ba to ban je ko'ina ba. Ni ban taɓa wuce Abuja ba wallahi. Wanne ya fi, kuma yaya sanyin wurin da jinjira, kuma mi zan kai mai na ci don ya ce ya gaji da burodi.

Hajiya, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Allah ya raya, Allah ya sa biza ta fito lafiya. 'Yar uwa ki bi maganar Baba. Na je sau biyu lokacin da mai gidanmu ke can, na ga Marrakesh na ga Fas, kuma in anka ce in koma yau Fas zan ce. Daga Rabat jirgin ƙasa ne kusan awa ukku, kina zaune kan kujera mai kyau kina shayar da ɗiyarki ba mai damunki, ba irin wahalar mota ba.

Tsohon garin mota ba ta shiga ko kaɗan, lunguna ne matsattsu, jakai da alfadarai ke ɗaukar kaya, in kin ji ana "balak balak" ki raɓe jikin bango. Saboda haka kar ki wahal da kanki da keken turin yara, zanenki na goyo ya fi komi, ni na ga turawa na ɗaukar keken bisa kai saboda matakala. Can ne masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda mace ta gina, Fatima al-Fihri, tun shekarar 859 miladiyya, har yau ana sallah ana karatu cikinshi. Ni da na shiga ɓangaren mata na zauna sai na tuna Nana Asma'u da 'yan taru, hawaye sunka zubo min ban san lokacin ba. Ba nisa daga nan zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, can anka rufe shi a 1815, za ki iske 'yan Senegal da 'yan Nijar da namu 'yan Najeriya, nan ne na fara jin Hausa bayan kwana goma ban ji ba sai bakin mijina.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai majemarsu ce. Ana hawa bisa soron masu shaguna a leƙa, ramuka ne jere kamar marina, wani ja wani rawaya wani fari, maza sun shige ciki har cinya suna tattake fata, da kashin tattabaru da farar ƙasa suke jiƙa ta, wari kam akwai shi shi ya sa tun bakin ƙofa za a miƙo miki reshen na'a-na'a ki kanga ga hanci. Ni kakana majemi ne nan cikin gari, da bagaruwa na san ana jima, ina tsaye wurin kamar ina gidanmu. Kuma kin san fatar jan akuyarmu ta Sakkwato ita fatake ke bi da ita ta Sahara tun zamanin da, turawa su saye daga can su sa mata suna fatar Maroko alhali tamu ce. Na gaya ma mai shagon haka da 'yar Larabcina, ya yi dariya ya rage min kuɗin jaka. Ki yi ciniki sosai kamar kina tsohuwar kasuwa, kuɗin farko da sunka faɗa ba shi ne ba.

Tsohon ɗalibi, Arkilla:

Hajiya ta gama magana kan Fas, ni dai in ƙara na hanya tunda na yi karatu can. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kasablanka, filin jirgin Muhammad na Biyar, kuma tashar jirgin ƙasa na nan ƙasan filin. Amma ke da goyo da akwati a tahiyar farko, ya taho ya tarbe ki, kar ya ce ki hau ki iske shi Rabat. Ki riƙe katin rigakafin shawara da takardar aure da ta haihuwar yarinya cikin jakar hannu ba cikin akwati ba, takardar auren ma ki tahi da ita Fas don akwai masaukin da ke tambaya.

Garin shuɗin da ƙanwarki ke nufi Shafshawan ne, can arewa cikin duwatsu, jirgin ƙasa bai zuwa sai mota, hanya mai kwana-kwana, ga Disamba lokacin ruwan sama ne garesu. Da jinjira ban ba ki shawara ba. Sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa, mai laima ne yana shiga ƙashi, da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 kuma gidaje da yawa ba abin ɗumama ɗaki, ƙasan tayil ne. Ki ce ya sayi hita tun kan ki zo, kayan sanyin yarinya kuma ki bari ki saya can sun fi kauri.

Wani abu da zai kwantar miki da hankali, Malikiyya ne kamar mu kuma da Warshu suke karatu, irin wadda munka taso da ita makarantar allo. Bayan magariba za ki ji sun haɗa baki cikin masallaci suna karanta hizbi guda tare. Larabcinsu na titi kuma, Darija, ko wanda ya haddace Alfiyya sai ya yi wata bai gane ba, suna haɗawa da Faransanci, amma in kin yi na littafi za su fahimce ki. Lokacinsu ɗaya da namu in ba cikin azumi ba, kiran yara ba zai ba ki wahala ba.

Anti, Gawon Nama:

Ni kam ƙanwata ban yarda da yawan yawon nan ba. Mutum wata goma sha ɗaya bai ga matarshi ba bai taɓa jin ɗumin ɗiyarshi ba, sai ku ƙare kwana huɗun cikin jirgin ƙasa da neman masauki? Na yi irin wanga kuskure da na je ma nawa wata ƙasa, kullum muna bisa hanya muna ɗaukar hoto, ranar dawowa na tuna ko sau ɗaya ban zauna na dafa mai tuwo ba kuma maganganun da na tara na watanni ko ɗaya ban yi ba, har yau abin na ci min rai. Ku yi kwana biyu Fas ku dawo gida. Ki kai mai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin tuwo kaɗan, ki ɗaure daddawar cikin leda ukku ki sa roba mai marfi. Kilishi ki haƙura, nama ana iya amshe shi filin jirgi.

Maman yara, Mabera:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti maganarki ta shige ni wallahi. Na tura mai duka ya ce Fas ɗin kwana biyu, Marrakesh sai in Allah ya sa na koma da yaran. Saura ranakun da yake wurin aiki, zaman ɗaki zan yi tun safe har la'asar ko akwai inda mace za ta iya zuwa ita kaɗai da goyo?

Hajiya, Runjin Sambo:

Akwai mana. Rabat gari ne mai natsuwa, ba hayaniya kamar Kasablanka. Ƙananan tasi ɗinsu shuɗɗa ne masu mita, ki ce ya kunna mita kafin ku tashi, akwai kuma taragon lantarki da ke ratsa gari har ya ƙetare gulbi zuwa Sala. Ki fara da hasumiyar Hassan, wani sarki Yaƙub al-Mansur ya fara ginin masallacin ya rasu 1199 ba a ƙarasa ba, ga ginshiƙan nan tsaye fili guda, kusa da kabarin sarki Muhammad na Biyar. Sai Udaya, tsohuwar ganuwa ce bakin teku, ki zauna ki sha shayin na'a-na'a kina kallon ruwa, lungunanta ma lokacin da na je fari da shuɗi ne, in har yanzu haka suke sai ki ɗauko ma ƙanwarki hoton nan ki huta da ita. Asabar ɗaya ku je Kasablanka masallacin Hassan na Biyu da anka gama 1993, wani sashenshi bisa ruwan teku yake, awa guda ne ku je ku dawo ranar. Ranar Juma'a kuma in maƙwabta sunka aiko miki da kuskus ki amsa, al'adarsu ce, kar ki maida kwanon wayam ko dabino ne ki zuba. In kin tashi tahiya ki yi min magana akwai saƙon da zan ba ki zuwa ga wata baiwar Allah da ta riƙe ni can lokacin da na yi zazzaɓi.