Ina aji biyu a soshiyoloji, Baffa ya ce in ajiye in sake JAMB

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a yi haƙuri da tsawon maganata, raina ne a jagule.

Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, ina aji biyu a sashen soshiyoloji, wato ilimin nazarin zamantakewar jama'a, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Asali karatun lauya na nema, makina bai kai ba, da wannan ya samu sai na karɓa don kada in sake zaman gida. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, tun daga nan ƙaninsa, Baffa, yake riƙe da mu, ni da ƙannena da Inna. Yana da shagon yadi a kasuwar Sabon Gari. Akwai wata gona ta gado a hanyar Giwa da aka daɗe ana shari'a a kanta tsakanin gidanmu da 'ya'yan kishiyar kakarmu. Tun Baba yana raye ake zuwa kotu, yau a ɗage, gobe a ce lauyan wancan ɓangaren bai zo ba. Baffa ya sayar da shanu, ya sayar da filinsa, duk a kan kuɗin lauyoyi, kuma har yanzu ba a raba gardama ba. Su wancan ɗakin suna da ɗa lauya, ba sa biyan ko sisi. Wannan abin yana ci wa Baffa rai ƙwarai, har ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa in Allah ya yarda sai gidanmu ya fitar da lauya.

Daren Juma'ar da ta wuce bayan isha ya kira ni zaure, ya ce, "Wannan karatun naka, idan ka gama me za a kira ka?" Wallahi na buɗe baki na rasa amsa. Ya ce to in sayi fom ɗin JAMB in sake neman lauya, ko kuma in zo shago, amma shi ba zai ci gaba da biyan kuɗin abin da mai yinsa ma bai san sunan aikinsa ba.

Matsalar ita ce yanzu ina son karatun. An taɓa ba mu aikin fita mu yi hira da masu wata sana'a, na zaɓi 'yan ga-ruwa. Na zauna da su a bakin rijiyar burtsatse. Ashe kusan dukkansu 'yan ƙauye ɗaya ne, mutum guda ke da kurorin yana ba su haya, ɗaki ɗaya suke kwana, suna da adashinsu, kuma idan ɗaya ya kwanta ciwo sauran ne ke tura kurarsa su biya masa balas. Kullum ina wuce su, ban taɓa sanin akwai tsari a bayansu ba. Tun ranar nake kallon unguwarmu da wani ido daban. Me zan yi?

Dattijon Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka motsa ko'ina. Ni a wannan sashen na yi karatu a shekarun 1980, lokacin da Patrick Wilmot, mutumin Jamaika, yake koyarwa, kafin gwamnatin Babangida ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. Ka tambayi kanka, me zai sa gwamnatin soja ta ji tsoron malamin wani darasi idan darasin banza ne? A lokacin ga Dakta Bala Usman a sashen tarihi, ɗalibi na fitowa daga lacca kansa na hayaƙi.

Abin da ka gani wurin 'yan ga-ruwa shi ne abin da Ibn Khaldun ya kira asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da ke riƙe jama'a. Mutumin nan an haife shi a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya rasu a Alƙahira a 1406. Sai bayan fiye da shekara 400 Auguste Comte na Faransa ya raɗa wa fannin suna. Ka je ka gaya wa baffanka ilimin nan malamin Musulunci ne, alƙali ma kuwa, ya fara share masa hanya. Magana ta ƙare.

Ɗan Kwangila:
Baba, da girmanka, Ibn Khaldun zai biya masa kuɗin rajista ne? Ku a zamaninku tun kafin ku gama ake jiranku da aiki da mota. Ni wannan kwas ɗin na karanta, na fita da sakamako mai kyau, na yi bautar ƙasa, yau ga ni a ƙarƙashin lema ina POS. Babu inda ban kai takarda ba. Akwai wata hukuma da har aka kira ni tantancewa, na ci bashin kuɗin mota zuwa Abuja, daga baya wani ya kira ni a waya ya faɗi kuɗin da zan kawo, kuɗin da ko gidanmu aka sayar da kyar ya kai. Abokina da muka zauna benci ɗaya, wanda ni nake yi masa bayanin Weber da Durkheim, manyan masanan fannin, daren jarabawa, yana can yana aiki saboda kawunsa wani ne. Ƙanena, lauya ko bai samu aikin gwamnati ba zai rubuta takardar cinikin fili a biya shi. Kai wa zai biya ka don ka san 'yan ga-ruwa suna adashi? Ka bi maganar Baffa.

Maman Yara, Samaru:
Kafin kowa ya yanke hukunci, ƙanena ka amsa mana abu uku da ka tsallake. Shekarunka nawa? Kana da kiredit a adabin Turanci a takardarka ta sakandare? Sannan yaya makinka yake a yanzu? Ina tambaya ne saboda lauya shekara 5 ne a harabar jami'ar ta Kongo, ga kusan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, Bwari ko Bagauda ko inda aka tura ka. Wanda kuma ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Kada a manta yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 wata 8 ya ci, na 2020 wajen wata 9.

Mai neman shawara:
Na gode Anti. Makina ba laifi. Kwas ɗin ƙididdiga ne kawai na faɗi, na ɗauko kariyoba daga aji ɗaya, kuma ba ni kaɗai ba ne, da yawa a ajinmu haka ne, ni dama tun sakandare ba na shiri da lissafi, shi ya sa na gudu zuwa ajin adabi. Ban ga abin da ya haɗa fahimtar mutane da waɗannan alƙaluman ba. Yaya Ɗan Kwangila, na ji maganarka, amma ai akwai lauyoyin da su ma suke yawo da takalmi ya cinye. Ba kwas ba ne, ƙasar ce.

Maman Yara, Samaru:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Abin da ka raina shi ne abincinka. Ni ma soshiyoloji na yi, ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke bibiyar lafiyar mata da yara a ƙauyuka. Ranar da suka ɗauke ni babu wanda ya tambaye ni Karl Marx. Waya suka miƙo min mai KoboCollect, manhajar tattara bayanai, suka ce in cike takardar tambayoyi da wata mata da Hausa, sannan suka zaunar da ni gaban Excel suka ce in fitar da kaso cikin ɗari. Aikin farko na kwana goma ne, ana biya kullum. Daga nan aka riƙa kirana.

Shi kansa Durkheim da kuke karantawa, binciken da ya fitar a 1897 kan masu kashe kansu da alƙaluma ya yi shi. Ya tattara bayanan ƙasashen Turai ya ga abin ya fi yawa a cikin gwauraye fiye da masu iyali, ya ce ƙarancin alaƙa da jama'a ne. Ba a zaure ya zauna ya ƙirƙiro ba. Ka cire wannan kariyoba, ka koyi SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, kafin ka kai ga kundin kammalawa, ka yi ƙoƙari makinka ya kai 3.50 don ka fita da 2:1, wato digiri mai daraja ta biyu ta sama. Kuma har yanzu ba ka faɗi shekarunka ba.

Dattijon Tudun Wada:
'Yata, kin mayar da ilimi aikin ƙwadago. Wannan shi ne abin da ya kashe jami'o'inmu, kowa na neman abin da Bature mai ba da tallafi zai biya. Yaron nan yana da ido, ku bar shi ya zama masani. A nan ƙasar Zazzau M. G. Smith ya zauna a 1949 zuwa 1950 ya yi nazarin sarauta, matarsa Mary kuma ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta tun daga zamanin bauta har zuwan Turawa, littafin ya fito a 1954, har gobe ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka. Baƙi suka zo suka rubuta mu. Mu 'ya'yan gida ina namu? Ɗana, ka shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'arku ka nemo littattafansu. Ka gama, ka yi digiri na biyu, ka yi na uku, ka koyar. Shi kuma mai POS, rashin aikinsa ba hujja ba ce a kan fanni.

Ɗan Kwangila:
Baba, digiri na biyu da kuɗin wa? Yaron ya ce maka mai biya ya janye hannu. Ni ba na jayayya da manya, amma fansho kake karɓa, mu kuma caji muke jira na naira ɗari.

Malam na Ƙofar Gayan:
Duk kun bar asalin magana. Mutumin da ya riƙe marayu, ya ciyar ya tufatar, matsayin uba yake. Ka yi istihara, sannan ka nemi wani babba da Baffa yake jin nauyinsa, limamin unguwarku ko aminin mahaifinka, ku je tare. Kada ka je da bayanin Turawa, ka je da ladabi. Ni ɗan da na riƙa tun yana rarrafe, da ya yi digiri ko gaisuwar Sallah sai dai ta waya. Irin wannan ne ke sa mutane suna tsoron riƙon 'ya'yan 'yan'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a.

'Yar Gyallesu:
Akwai hanyar da babu wanda ya ambata. Jami'o'i da yawa suna karɓar mai digiri ya shiga karatun lauya kai tsaye daga aji biyu. Saura maka shekara biyu da 'yan kai ka gama. Ka ce wa Baffa ya bari ka kammala, sannan ka shiga lauya da digiri a hannu. Idan ka ajiye yanzu kuma makin bai sake kaiwa ba, ka tashi biyu babu. Sannan masu soshiyoloji suna shiga hukumar gidajen gyaran hali, da NDLEA, da hukumar ƙidaya, duk da rabon da a ƙirga mu tun 2006, da sashen jin daɗin marasa lafiya a asibitoci. Wanda ya ƙara difloma ta koyarwa yana iya shiga aji. Ka rubuta waɗannan a takarda ka kai masa, tambayar da ya yi maka ke nan.

Mai neman shawara:
Na gode Yaya. Amma ni fa gaskiya ko bayan na gama ba na jin zan yi lauyan. Ba na so in yi wa Baffa alkawarin da na san ba zan cika ba. Malam, ba wai ban san girman Baffa ba ne, ni nake tsare masa shago duk ranar Asabar, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Maganar limami kuwa, limamin unguwarmu surukin wancan ɗakin ne da muke shari'a da su, Baffa ba zai saurare shi ba. Anti, na haura 24. Adabin Turanci fas nake da shi, amma na ji an ce wani lokaci ana duba wa mutum. Baba na Tudun Wada, maganarka ta fi kwanta min, ita ce abin da ke raina.

Maman Yara, Samaru:
Fas ba kiredit ba ne, ƙanena. Ke nan ba JAMB kaɗai ba, sai ka sake WAEC ko NECO. Baffa ya san wannan?

Dattijon Tudun Wada:
Kun gani? Allah ma ya rufe wannan ƙofar. Ka zauna inda kake. In kuɗi ne, ga asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka fara a 2024, ka nema. Mu a zamaninmu da takalmi ɗaya muka gama.

Malam na Ƙofar Gayan:
Alhaji, kana tura yaro ya ci bashi don ya saɓa wa wanda ya raine shi? Ko ya samu kuɗin makaranta, a gidan wa zai kwana, tuwon wa zai ci? Uwarsa da ƙannensa fa?

Mai neman shawara:
Bai sani ba, Anti, ban samu fuskar faɗa masa ba, kwanan nan hawan jininsa ya tashi. Ɗazu da azahar ya aiko ƙanena da kuɗin fom a cikin ambulan. Ban saya ba, ban kuma mayar ba, yana cikin jakata. Inna ta ce in saya kawai in rubuta jarabawar, in an faɗi shi ke nan kowa ya huta, amma ni ina ganin wannan yaudara ce. Jibi muna da gwaji, ban buɗe littafi ba. Shi rancen nan, yana haɗawa da kuɗin mota? Daga cikin gari zuwa Samaru kullum shi ne ya fi kashe ni.

Ɗan Kwangila:
Ka sayi fom ɗin.

Wata Uwa daga Wusasa:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni ma 'yata aikin jinya ta nema aka ba ta wannan soshiyolojin, mahaifinta ya ce aure zai yi mata. Maman Yara, don Allah wannan aikin na ƙauyuka, suna ɗaukar mace mai aure?